Filin Tambaya da Amsa: In an sauko da farashi, za a daina satar fasaha?

Assalamu alaikum. Saƙonnin da suka taru a wannan wata kusan duk a kan magana ɗaya suke, don haka na ɗebo huɗu na ajiye sauran. Masu tambaya kan batirin waya da gyaran firinta ku yi haƙuri, sai fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu.

Daga wani matashin mawaƙi a Funtuwa: "Malam, na tara kuɗi na shiga sitidiyo na yi waƙoƙi shida. Kwana uku da fitowarsu na tarar da su a shagon masu turi ana zuba wa mutane a memori, ni ko sisi bai shigo aljihuna ba. Wani abokina ya ce laifina ne, na tsawwala kuɗi, da na sauko da an saya a hannuna. Wani kuma ya ce ɓarawo ɓarawo ne, ko naira goma na sa sai an sata. Wa ya fi gaskiya?"

Ƙanena, Allah Ya mayar maka da gurbin abin da ka kashe. Abokinka na farko ya fi kusa da gaskiya, sai dai ya tsaya a kan kuɗi kaɗai, alhali kuɗi kaso ɗaya ne cikin maganar.

Bari in fara da abin da idona ya gani. A shagon kaset na tashi. Kawuna yana da shago a Kano a farkon shekarun 1990, ni ne yaron shago in an tashi daga makaranta. Aikina zama a gaban rediyo mai baki biyu, in sa kaset mai waƙa a baki ɗaya, emti a ɗayan, in danna maɓallin naɗa. Mutum zai zo da 'yar takarda a ninke cikin aljihun gaba, ya rubuto abin da yake so: biyu daga wannan mawaƙi, uku daga wancan, sai wata ta Indiya da ya ji a gidan biki, wadda ko sunanta bai sani ba sai dai ya rera mana farkonta. Kaset na asali kuwa ga su nan jere a kanta, bambancin kuɗin ma bai taka kara ya karya ba. Amma na asalin waƙa takwas yake ɗauke da ita, shi kuma biyu yake so a ciki. Mu za mu haɗa masa abin da ransa yake so, a jeren da yake so, ya je sallar la'asar ya dawo ya karɓa. Sai da na girma na san haƙƙin mutane muka ci a wannan shago, ina kuma neman gafarar Allah a kai. Amma ban manta da 'yan takardun nan ba. Mutanen da kuɗinsu suke zuwa, abin da suke nema ne masu waƙar ba su kai kasuwa ba.

Irin wannan ne ya faru a Amurka, sai dai su da kwamfuta aka yi nasu. A 1999 wani ɗalibi, Shawn Fanning, ya fito da Napster, manhajar da ta ba miliyoyin mutane damar musayar waƙoƙi kyauta ta intanet. Kamfanonin waƙa suka garzaya kotu, a 2001 aka rufe ta. Kafin a ce kwabo wasu sun tsiro a gurbinta. Daga 2003 zuwa 2008 ƙungiyar kamfanonin waƙa ta Amurka ta maka mutane fiye da 30,000 a kotu, har da ɗalibai da iyayen yara. Duk da haka kuɗin da masana'antar ke samu a ƙasar ya faɗo daga dala biliyan 14.6 a 1999 zuwa wajen biliyan 7 a 2014. Bulala ta yi aiki shekara da shekaru, ɓarakar ba ta toshe ba.

Abin da ya fara karya lagon satar shi ne shagon iTunes da kamfanin Apple ya buɗe a Afrilun 2003. Waƙa ɗaya senti 99, ba sai ka sayi faifai sukutum ba. Wato takardar nan ta aljihun mutumin shagonmu ce aka mayar da ita ciniki na halal. A makon farko aka sayar da waƙa miliyan guda. Daga baya, a 2008, manhajar sauraron waƙa ta intanet mai suna Spotify ta fito a Suwidin, ƙasar da aka kafa The Pirate Bay, ɗaya daga cikin manyan shafukan satar fasaha na duniya. Daniel Ek, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa ta, ya sha faɗin cewa manufarsu ita ce su yi abin da ya fi satar daɗin amfani: ka danna, waƙa ta tashi nan take, ba jira, ba bairos, ba fayil ɗin da aka rubuta masa sunan wata waƙa alhali wata ce a ciki. Daga 2015 kuɗin shigar masana'antar waƙa ta duniya ya fara hawa bayan shekaru kusan goma sha biyar yana gangara, kuma sauraro ta intanet ne ya ɗaga shi.

To amma abokinka na biyu ma ba banza ya faɗa ba. A Oktoban 2007 mawaƙan Radiohead na Ingila suka sa sabon kundinsu a intanet, suka ce kowa ya biya abin da ya ga dama, ko da ba komai. Duk da haka ɗimbin mutane ta shafukan sata suka ɗauke shi. A 2010 wasu ƙananan masu ƙera wasannin kwamfuta suka haɗa wasanninsu a ƙunshi ɗaya mai suna Humble Indie Bundle, suka ce ko senti ɗaya ka biya ya isa. Masu shirin da kansu suka ƙiyasta cewa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na waɗanda suka sauke ba su biya ko sentin ba. Akwai wanda sabo ne ya kai shi, ƙafarsa ta riga ta san hanyar. Akwai wanda ba shi da katin bankin da zai biya ko senti ɗayan. Akwai kuma wanda hali ne kawai, shi wannan ba farashin da zai gyara shi, kada ka ɓata daren barcinka a kansa. Waɗanda ke tsakiya su ne masu yawa, su ne kuma kasuwarka.

Mu dawo gida, domin hujjar da ta fi gamsar da ni a nan take. Ka tuna lokacin da waƙar kira ta yi tashe, wadda mai kiranka yake ji kafin ka ɗaga? Naira 50 a wata, a cire daga katin waya. Ɗan acaba ya biya, mai shayi ya biya, tsohuwa a ƙauye ta sa jikanta ya sa mata waƙar yabon Annabi. Waɗannan mutanen su ne dai ake cewa ba sa sayen waƙa. Sun biya saboda kuɗin ƙalilan ne, biyan kuma lamba kawai za ka danna, ba banki, ba data, ba Turanci. A Legas ma, lokacin da masu satar faifai na kasuwar Alaba suka gagari kowa, mawaƙa da yawa sun koma sayar wa 'yan kasuwar izinin bugawa kai tsaye, faifan asali ya koma naira 100 zuwa 150 cikin ambulan takarda, ana tallarsa a cunkoson motoci. Mawaƙi ya karɓi kuɗinsa dunƙule, ɗan kasuwar da ya biya kuma ya zama shi ne mai gadin faifan, domin yanzu dukiyarsa ce ake taɓawa.

Yau muna da Boomplay, wadda ta fara a Najeriya a 2015 tana zuwa a cikin wayoyin Tecno, muna da Audiomack, Spotify ma ta shigo a Fabrairun 2021 da naira 900 a wata, lokacin da Ba'amurke ke biyan dala 9.99. An sauko ƙwarai. Me ya sa shagon turi bai mutu ba? Jeka ka tsaya minti goma a ɗaya daga cikinsu ka gani. Tebur ne da laftof, ƙaramin janareto yana kuka a gefe, ga rumbunan ajiya uku ko huɗu an ɗaure su da roba, ga wayoyin caji kamar saƙar gizo. Yarinya za ta miƙo memori a ƙulle cikin leda ta ce, "A sa min sababbin waƙoƙi, da na biki, ban da masu zagi." Yaron shagon ya san abin da ake yayi fiye da kowace manhaja, minti uku ya cika mata, ta biya 'yan canji. Za ta saurara wata guda ba ta ƙona data ko ta naira ɗaya ba, ta tura wa ƙawayenta ta Xender. A wurinta kuɗin manhaja ba shi ne farashin ba. Farashin shi ne kuɗin manhaja, da data, da babbar waya, da sabis mai ƙarfi, da katin banki. A Janairun 2025 kuma hukumar sadarwa ta amince a ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin 100. Duk ranar da data ta tashi, mai turi ya samu sababbin kwastomomi.

Shawarata gare ka ita ce kada ka bari wani ya riga ka kai waƙarka inda mutane suke. Ranar da za ka sake ta, ka sa ta da kanka a YouTube da Audiomack da Boomplay, da sunanka da hotonka. Ka ambaci sunanka a cikin waƙar, yadda duk memorin da ta shiga ta tafi da shi. Ka je wurin shugabannin masu turi na garinku kafin ta fita, ku zauna, ka ce ga sauti mai kyau daga sitidiyo, ku ba ni kaza in ba ku kwana biyu kafin kowa. Da yawansu 'ya'yan mutane ne masu neman na tuwo, in ka zo ta ƙofa za su saurare ka. Ka kuma kai rajistar aikinka Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Najeriya. Sabuwar dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a Maris na 2023 ta ba ka damar neman a cire aikinka daga shafin da ya ɗora ba da izininka ba.

Ba zan ɓoye maka ba, abin da manhajojin nan ke biya a kan sauraro ɗaya daga Najeriya ɗan mitsitsi ne, domin daga abin da masu sauraron ƙasar suka biya ake rabawa. Raguwar sata daban, cikar aljihun mawaƙi daban. A matakin da kake, kuɗinka yana gidan biki, da taro, da masu neman a yi musu waƙa. Waƙoƙi shidan nan su ne za su kira maka su.

Daga wani ɗan kasuwa a Damagaram: "Na biya kuɗi a wata manhaja na sayi waƙoƙi da karatuttuka. Na so in tura wa mahaifiyata a ƙauye, ƙaramar waya gare ta mai memori, abin ya ƙi fita daga manhajar. Da na canza waya ma sai da na sha wahala kafin su dawo. Ƙanena da ya samo nasa a wurin masu turi yana saurare hankali kwance, har shi ya tura wa Inna. Me ya sa wanda ya biya ne yake shan wuya?"

Alhaji, ka taɓo inda yake min ƙaiƙayi. Abin da ya hana ka turawa wani makulli ne da ake ɗaura wa fayil don kada a kwafa. Illarsa ita ce ɓarawo sau ɗaya yake fasa shi, daga nan duk wanda ya karɓa a hannunsa ya samu kaya ba makulli. Wanda ya biya shi kaɗai ya rage da kwaɗo a ƙofarsa. Hausawa sun ce in ɓera na da sata, daddawa ma na da wari, kuma a wannan fage kamfanoni sun yi warin da ya isa.

A 2005 aka gano cewa kamfanin Sony BMG ya sa wata ɓoyayyiyar manhaja a faya-fayan waƙarsa, wadda ke shiga kwamfutar mai saye ba da saninsa ba don hana shi kwafa, ta kuma bar ƙofa a buɗe ga masu kutse. Sai da aka janye miliyoyin faya-fayai daga kasuwa aka kuma biya diyya. Wanda ya sauke ta hanyar sata ko ƙwarzane bai samu ba. A 2008 kamfanin Electronic Arts ya fitar da wasan kwamfuta mai suna Spore da sharaɗin sau uku kacal za ka iya ɗora shi. Masu saye suka fusata, wasan ya zama na ɗaya a jerin waɗanda aka fi sata a shekarar, kamfanin ya dawo ya sassauta.

Su ma masu sayarwar sun gane daga baya. A Fabrairun 2007 Steve Jobs na Apple ya rubuta buɗaɗɗiyar wasiƙa yana kira ga manyan kamfanonin waƙa su bar makullin, hujjarsa kuwa ita ce mafi yawan waƙoƙin duniya a faifan CD ake sayar da su, shi kuma ba makulli gare shi ba, to gadin me ake yi? Kamfanin EMI ya fara yarda a wannan shekarar, a 2009 aka cire makullin daga waƙoƙin iTunes. Kasuwa ba ta rushe ba, ciniki ya ci gaba. Gabe Newell, shugaban kamfanin Valve mai shagon wasanni na Steam, ya faɗa a 2011 cewa satar fasaha galibi matsalar hidima ce kafin ta zama matsalar farashi. Ya ba da misalin Rasha, wadda aka yi ta gargaɗinsu cewa ƙasar 'yan sata ce. Da suka riƙa kai musu wasa a harshensu, a rana ɗaya da kowa, sai ta zama cikin manyan kasuwanninsu a Turai.

Za ka ce ai Spotify da ire-irenta ma suna da makulli, ba ka iya fitar da waƙa daga cikinsu. Haka ne. Mutumin Turai ba ya jin nauyinsa ne saboda intanet na biye da shi har ɗakin kwanansa, duk na'urar da ya ɗauka manhajar tana ciki. Makullin da ba ya takura wa mai gida, ba wanda zai yi ƙorafi a kansa. Mu kuwa yana takura mana, domin rayuwarmu ta tarayya ce. Waya ɗaya gida guda ke saurare, abin da ɗa ya saya na uwarsa ne, kuma Inna tana inda sai an hau tudu ake samun sabis. Duk mai son sayar wa Bahaushe sauti, a Damagaram yake ko a Gusau, ya sayar masa da fayil da zai shiga memori ya tashi a ƙaramar waya da rediyon mota. Wasu za su tura wa wanda bai biya ba, tabbas. Ai yanzu ma suna turawa, bambancin kawai yanzu ko kai mai niyyar biya an kore ka zuwa wurin mai turi.

Kafin ka ƙara biya a ko'ina, Alhaji, ka duba ko ana ba ka fayil ɗin ne ya zama naka, ko kuwa haya ce ta sauraro a cikin manhaja. Allah Ya saka maka da alheri kan kula da mahaifiya.

Daga wani mai shagon buga takardu a Zariya: "Oga, gaskiya kwamfutocina huɗu duk kirak ne a kansu, wato manhajojin sata da aka fasa makullinsu, Windows da CorelDRAW da Photoshop. Ba don ina so ba. Na tambayi kuɗin na asali na ji kamar zan faɗi. Shin waɗannan kamfanoni ba su san halin da muke ciki ba ne? In sun rage, kana ganin mutane za su saya?"

Ɗan'uwa, na gode da ka faɗi gaskiya, kuma ba kai kaɗai ba ne. Ƙungiyar BSA ta manyan kamfanonin manhaja ta fitar da ƙididdiga a 2018 cewa kashi 80 cikin 100 na manhajojin da ke kan kwamfutoci a Najeriya ba su da lasisi. A duniya baki ɗaya kashi 37 ne, a Amurka 15. Kada wani ya ce maka mun fi Amurkawa son banza ne. Mu yi lissafi. Windows 11 na gida dala 139 ne a shagon Microsoft. Mai karɓar mafi ƙarancin albashin tarayya a Amurka, dala 7.25 a awa, aikin awa goma sha tara zai yi ya saya, kwana biyu da rabi ke nan. A nan, in dala tana naira 1,500, kuɗin ya haura naira 200,000, kusan albashin wata uku ga mai karɓar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka tsayar a 2024. Kaya ɗaya, wani kwana biyu da rabi, wani wata uku.

Wani babban bincike da aka wallafa a 2011 ƙarƙashin jagorancin Joe Karaganis, wanda ya duba Indiya, Rasha, Barazil, Afirka ta Kudu, Meziko da Bolibiya, a kan wannan ya tsaya: tsadar kaya, ƙarancin samu, da arahar na'urar kwafa su ne ginshiƙan satar fasaha. Sun nuna cewa in aka auna da abin da mutane ke samu, faifan CD ko manhajar Office ta ninka tsada sau biyar zuwa goma a Barazil, Rasha ko Afirka ta Kudu a kan Amurka da Turai.

Ka tambaya ko kamfanonin sun sani. Sun sani sarai. Suna tsoron in suka karya farashi a nan, za a kwashi lasisin mai araha a kai can inda suke cin riba. Akwai kuma wani dalili. A 1998 Bill Gates ya faɗa a gaban ɗalibai, yana magana kan Sin, cewa in dai satar za a yi, gara a saci tasu, mutane su saba, daga baya a san yadda za a karɓi kuɗi. Yaron da ya koyi zane da CorelDRAW na kirak a shagonka, ranar da ya samu aiki a babban kamfani ita zai ce a saya masa, kuma kamfanin dole ya biya cikakken kuɗi.

An gwada saukowa, kuma ta yi aiki inda aka yi ta da gaske. Photoshop a da dala 699 ne a dunƙule. A 2013 Adobe ta koma tsarin biyan wata-wata, masu ɗaukar hoto suka samu Photoshop da Lightroom a dala 9.99 a wata, mutane da yawa da ba su taɓa saye ba suka shigo. Amma mu sai muka ci karo da wani bango. A 2022 bankuna da dama suka rage abin da katin naira zai iya kashewa a waje zuwa dala 20 a wata, wasu daga baya suka dakatar gaba ɗaya na tsawon lokaci. Na ga mai sitidiyon hoto da kuɗinsa a asusu, yana son ya biya, kati ya ƙi wucewa, aikin biki kuma yana jiransa da safe. Daren nan ya koma wa kirak. Sannan a Yunin 2023 aka saki naira, wato aka bar kasuwa ta tsayar da darajarta, abin da ke dala goma ya ninka fiye da sau uku a aljihunmu cikin shekara guda ba tare da kamfanin ya ƙara ko senti ba. Don haka amsata ita ce e, za a saya, in an sa farashin da naira, daidai da samun mutane, aka kuma karɓi tiransifa ko lambar banki ta waya.

Sai dai kada ka zauna jiran ranar, domin kirak ba kyauta ba ne. Bara wani mai shago irin naka ya kawo min kwamfutarsa da hantsi, hannunsa na rawa. Ya sauke wata manhajar zane daga wani shafi, umarnin ɗorawar ya ce ya kashe maganin bairos tukuna, ya kashe. Washegari duk fayilolinsa sun canza suna, ba wanda ke buɗuwa, ga wata 'yar wasiƙa da Turanci a kowace jaka ana neman kuɗin fansa. A ciki akwai kundin digirin ɗalibai tara da ake jira a kai wa malamai a makon, da katunan biki, da zanen kalandar wata makarantar Islamiyya. Na kwana biyu a kanta, abin da na iya cetowa bai kai rabi ba. Da zai tafi ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Yanzu me zan gaya wa yaran nan?" Har yau ina jin muryarsa.

Abin da nake ba masu shago shawara shi ne a raba aiki. Kwamfutar da ke ɗauke da ayyukan mutane ta zama mai tsafta. In za ka sayi ta hannu, nemi wadda lasisin Windows ɗinta ya zo a jikinta, da yawa daga cikin 'yan kwatano haka suke. Buga takardu LibreOffice ta ishe ka. Inkscape tana yin mafi yawan abin da kake yi da CorelDRAW, GIMP tana gyaran hoto, masu bidiyo kuma akwai DaVinci Resolve mai sigar kyauta daga kamfanin kansa. Hannu zai yi nauyi mako biyu ko uku, musamman ga yaranka da suka haddace wurin kowane maɓalli. Manhaja ɗayar da ka ga sana'arka ba ta tafiya sai da ita, ita za ka tara wa kuɗi, a kwamfuta ɗaya, ka sa kuɗin cikin farashin aiki kamar yadda kake sa na tawada da man janareto.

Daga wata malamar makaranta a Gombe: "An ba makarantarmu kwamfutoci goma sha biyu. Mai ɗora mana manhaja ya ce duk na kwafi zai sa, wai ba komai tunda ba wani abu aka ɗauke wa kowa ba. Zuciyata ba ta kwanta ba. Akwai haƙƙi a ciki?"

Malama, zuciyarki ta gaya miki daidai. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, a zamanta na Kuwait a Disambar 1988, ta yanke cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira dukiya ce da shari'a ta kare, ba ya halatta a keta shi. Maganar cewa ba a ɗauke wa kowa komai ba, ki tambayi ƙanenmu na Funtuwa da ya buɗe filin yau, ko marubutan da ke sayar da littattafansu ta WhatsApp a wayi gari an watsa su a zauruka. Tsadar da kamfani ya yi laifinsa ne, na kuma faɗe shi a sama ba tare da rufa-rufa ba, amma ba ta mayar da kayansa namu.

Ke kuma Allah Ya hutar da ke, domin abin da ɗalibai ke buƙata akwai shi na halal kuma kyauta. Ki ce wa mai ɗorawar ya duba ko kwamfutocin sun zo da lasisin Windows, in babu ya sa musu Ubuntu ko Linux Mint. Ya ɗora LibreOffice don rubutu da lissafi, tana karɓar ƙ da ɗ da ɓ lafiya lau in an saita allon rubutu na Hausa. Sau ɗaya za a sauke su a filasha, a zagaya da ita kwamfutoci goma sha biyun, lasisinsu ya yarda da haka, ya kuma yarda duk ɗalibin da ke da kwamfuta a gida ya kwafa ya tafi da ita.